Jawabi Kan Taba Da Mai Juna Biyu



Maganar yau mai nauyi ce: matanmu masu juna biyu da ke shan sigari ko shisha a ɓoye. Akwai su cikinmu, kunya ce ke hana su faɗi.

To, hayaƙin nan yana ɗauke da guba mai rage iskar da jariri ke samu ta jinin uwa. Shi ya sa ake samun ɓari, bakwaini da jariri maras nauyi.

In bari ya gagara, akwai filastar nikotin da ake mannawa a fata, akwai kuma cingam ɗinsa. Suna kashe ƙishin taba ba tare da hayaƙi ba. Mai ciki takan cire filastar kafin barci.

Sigarin lantarki fa? Binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2022, kan masu ciki 1,140, bai nuna ya fi filasta haɗari ba. Amma fa shi ma nikotin ne. Wadda ba ta shan taba kada ta kusance shi.

'Yar'uwa, ranar awo ki gaya wa nas gaskiya kafin ki sayi komai. Mu kuma maza, mu daina busa a ɗaki, mu daina gori.

Allah ya sauke su lafiya.