Jawabin Sakatare: Mu Nemi Sunan Gidanmu a Takardun Haraji

 

Duk shekara yaranmu sukan je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma domin shiga makaranta ko neman aiki, sai a tambaye su yaushe kakanninsu suka zo. Yawancinmu da baki kawai muke amsawa, alhali kuwa akwai takarda.

Hanyar jirgin ƙasa ta haɗe a Kafanchan a 1927, fadar Sarkin Jama'a kuma ta dawo nan a 1933. Duk magidancin da ya zauna a garin, ko fatauci ya kawo shi ko aikin reluwe, ya biya haraji ta hannun mai unguwa, an ba shi rasit. Mai shanu ya biya jangali. Haka aka yi ta yi har 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke su a Jihar Kaduna.

To, mu fara daga gida, mu buɗe tsofaffin adakoki. Rasit ɗaya mai suna da unguwa da shekara shaida ne. Mu tuna kakanninmu ba su da sunan dangi irin na Turawa. Ana rubuta mutum da sunan ubansa, ko sana'arsa, ko garinsu, kuma malamin haraji kan rubuta Mamman bana, baɗi ya rubuta Muhammadu. Saboda haka mu tambayi tsofaffi duk laƙabin da aka san kakanmu da shi kafin mu ce ba mu same shi ba.

Daga nan sai gidan mai unguwa, sannan gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Amma mu sani, rahotannin Turawa sun fi kawo jimillar kuɗi da yawan mutane, sunaye kaɗan ne.

Rasit ba ya mai da mutum ɗan asalin wuri a idon hukuma, yana nuna daɗewar zama ne. 'Yancinmu na zama a ko'ina cikin Nijeriya yana sashe na 41 na tsarin mulkin 1999, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci. Ba gardama muke nema da maƙwabtanmu ba, su ma iyayensu sun biya harajin nan.

Gobarar rikicin 2011 ta cinye takardu da yawa. Wanda nasa suka tsira ya yi fotokwafi, ya ajiye ɗaya a wani gida. Wanda bai iya karatu ba ya kawo ajinmu na yaƙi da jahilci, mu karanta tare.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.