Nahawun Sinadaran Kabon



Wataƙila wani zai tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da kimiyyar sinadarai? Abin da ya haɗa mu shi ne ƙirar kalma. Ɗalibanmu na sakandare da yawa sukan guje wa sashen da ya shafi kabon, suna cewa sunayensa sun yi yawa, ba su haddatuwa. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa sunayen nan suna da saiwa da ɗafi kamar kalmominmu, kuma wanda ya gane ƙa'idarsu ya huta da hadda.

Da farko, mene ne wannan fanni? Masanan dā sun ɗauka cewa sinadaran da ke jikin dabba da tsiro, mai rai kaɗai ke iya samar da su. A shekarar 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji ba tare da taimakon wani mai rai ba, alhali kuwa a cikin fitsari aka san ta. Yuriyar nan ita ce manomanmu ke zuba wa masara a matsayin takin zamani. Daga nan wancan zato ya soma rushewa, har aka wayi gari fannin ya zama nazarin sinadaran da aka gina bisa kabon, wato abin da ya fi yawa a jikin gawayi.

Ƙwayar zarrar kabon hannuwa huɗu gare ta, kamar yadda August Kekulé ya bayyana a 1858. Ta haidirojin hannunta ɗaya, ta oksijin kuwa biyu. Kabon yakan kama hannun ɗan'uwansa su yi sarƙa, gajera ko doguwa, mai rassa ko mai zobe. Dalili ke nan da ya sa sinadaransa suka kai miliyoyi, tun daga sukari da man gyaɗa har zuwa fetur da roba.

To, yaya ake raɗa musu suna? Bahaushe idan ya ji manomi, marini, maƙeri, ya san mai sana'a ake nufi. Idan ya ji marina ko maƙera, ya san wuri ne. Haka abin yake a nan. Saiwa ita ke faɗin yawan kabon: met- ɗaya, et- biyu, furof- uku, but- huɗu. Ɗafa-ƙeya kuma ita ke faɗin dangi.

Idan sunan ya ƙare da -an, kowane kabon ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya ke nan, sauran hannuwa na haidirojin ne. Metan, CH4, ita ce iskar da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu. Butan, C4H10, tana cikin tukunyar gas ta girki. Lissafin ɗaya ne: a ninka yawan kabon sau biyu, a ƙara biyu, an sami yawan haidirojin. Idan ya ƙare da -en, akwai kabon biyu da suka riƙe juna da hannu bibbiyu, kamar eten, C2H4, iskar da ke nunar da ayaba. Idan kuwa -ol ne, oksijin ya shigo, hannunsa ɗaya a kabon, ɗaya a haidirojin.

Kada a ɗauki wannan wasan kalmomi ne. Etanol shi ne abin da ke bugarwa a cikin giya, ana kuma goge fata da shi a asibiti. Metanol, wanda kabon ɗaya ne kawai ya rage masa, guba ne: kaɗan daga cikinsa yakan makantar, ya ma kashe. Ma'aikacin da ya iya karanta saiwa a jikin kwalba ya tsare rayuka.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da su fara bayyana wa yaro wannan ƙa'ida da harshen da yake tunani da shi, kafin su kai shi ga Ingilishin jarrabawa. Mu kuma malaman harshe, nauyin daidaita waɗannan kalmomi yana wuyanmu.