Wace Jami'a Za A Kai Yaron Da Ke Son Karatun Muhalli?

Jawabin da aka yi a taron iyaye na ƙungiyarmu a Zongon Kumasi, bayan sallar La'asar.

Ina neman izinin Sarkin Zongo, ranka ya daɗe, da na Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku, da na Alhazai da Hajiyoyi, da sauran jama'a manya da yara.

Bayan haka, ga asalin maganar da ta tsai da ni gabanku. Kwanan baya wani Alhaji daga cikinmu, mai cinikin goro, ya same ni a gida riƙe da takardar jarrabawar ɗansa, ransa a ɓace. Na duba takarda, sai na ga yaro ya ci da jimla 8. Na ce, "Alhaji, ai wannan abin yanka rago ne, mene ne na ɓacin rai?" Ya ce, "Malam, yaron nan na so ya zama likita, shi kuwa ya kafe sai karatun muhalli. Watau duk wahalar da na sha, duba-gari zan samu? To, in ma shi zai yi, ba zai yi shi nan ba. Zan sayar da filina in kai shi Ingila, jami'ar da ta fi kowace wuyar shiga, don ko ba komi a ji suna." Ya kuma ce ya riga ya sami wani dillali wanda ya yi masa alkawarin gurbi in ya ba da kafin alkalami. Da yardarsa na ke faɗin wannan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan zullumi ba.

Da farko dai, karatun muhalli ba karatun shara ba ne, ko da ya ke shara na ciki. Ku tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Ankara, da ruwa ya cika Odaw ya malala, wuta ta kama gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Babbar kwatar Nima cikin Odaw ta ke zubewa, duk leda da yashin da ke cikinta can su ke tafiya. Ku dubi kogunan Pra da Ankobra da Birim da Offin, yadda masu galamse suka mai da su kamar kunu, suna wanke zinariya da zaiba, zaiba kuwa ta shiga kifi, kifi ya shiga cikinmu. A 2024 kamfanin ruwa ya ba da sanarwa cewa laka ta fi ƙarfin injinsa na Sekyere Hemang, mutanen Cape Coast da Elmina suka shiga ƙarancin ruwa. Mu ma nan ruwan famfonmu daga Barekese da Owabi ya ke zuwa, Barekese kuwa kan Offin aka datse ta. Mutanenmu na arewa sun san abin da ke samun gonakinsu in an buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. Wanda zai auna ruwan nan, ya faɗi abin da ke cikinsa, ya tsara hanyar da zai bi, ya tsaya gaban hukuma da hujja, shi ne yaron da Alhaji ke kira duba-gari. Shi kansa goron da mu ke ci da shi, ɗan kurmi ne. In kurmi ya tafi, me za a ɗaure a huhu?

To, wace jami'a? Kafin a tambayi wannan, sai a tambayi yaro wane ciwo ya ke so ya yi wa magani, gama ilmin nan rassa gare shi, kowane reshe kuwa da inda ya fi ƙarfi. Mai son ruwa da kwatoci da tace ƙazanta, hanyarsa injiniya ce, sai ya iya lissafi sosai. Mai son gwada ƙasa da ruwa da iska a ɗakin gwaje-gwaje, kimiyyar muhalli zai yi. Mai son kurmi da namun daji da kifi, sai sashen albarkatun ƙasa. Duka ukun nan akwai su a jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan gefenmu, wadda mu ke kira Tek. Ta fara karatu a 1952 tana kwaleji, ta zama jami'a a 1961. Ga tafkin Bosomtwe kusa da ita, ga kurmin Bobiri, ga cibiyar binciken itatuwa a Fumesua. Legon ta girme ta, tun 1948 ta ke, ta kuwa yi suna wajen ilmin labarin ƙasa da tsarin garuruwa. Wanda zuciyarsa ke kan ramukan zinariya, Tarkwa ta fi masa, don jami'ar ma'adinai da ke can tsakiyar ramukan ta ke zaune, tana kuma da sashen injiniyan muhalli. Akwai ta Sunyani wadda ta buɗe a 2012 don makamashi da albarkatun ƙasa, da ta Somanya, ƙanwarsu duka, wadda aka raɗa wa sunan muhalli ɗungum. Ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, tana da wata al'ada da ni dai ta ke burge ni, watau ta kan tura ɗalibai su zauna ƙauye makonni, su ga rijiya da gona da idonsu.

Yanzu sai maganar wuyar shiga, nan ne kuwa mu ke yawan ruɗewa. Ana lissafa darussa shida na jarrabawar WASSCE. Wanda ya ci A1 an ba shi 1, wanda ya ci C6 an ba shi 6, a tara. Wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gaba, 6 ita ce maƙura. Likitanci a Tek ko Legon sai mai 6 ko abin da ya yi kusa da ita. Kimiyyar muhalli a jami'a ɗayan nan ƙofarta ta fi faɗi. Wannan bai nuna ilmin ya fi arha ba, yawan masu nema ne ke ta da farashi, kamar dai rago ana jibi Layya. Wuyar shiga tana gaya maka yawan masu cincirindo a bakin ƙofa. Ba ta gaya maka ko injin gwajin ruwa da ke cikin ɗaki yana aiki. Amma kada in yi zalunci, tana da nata amfani. Yaro ya zauna da haziƙai ya kan ƙara himma, kuma abokan ajinsa su ne gobe za su riƙe ofisoshi. Sai dai ba ita kaɗai za a duba ba.

Mu koma kan Ingila da Amurka, tun da can zuciyar Alhaji ta ke. Oxford tana karɓar fiye da fam 30,000 a shekara daga baƙon ɗalibi, ban da ci da kwana, shekara uku kuwa zai yi. Ku juya wannan zuwa sidi, ku gaya mini filin wa zai biya. Harvard a 2024 cikin kowane mutum 100 da suka nema ba ta ɗauki 4 ba. Amma ga abin da dillali ba zai gaya muku ba. Harvard da Yale da Princeton da MIT ba su duban aljihun uba lokacin zaɓe, ko da yaro baƙo ne, in kuwa suka ɗauke shi sai su cike abin da gidansu ya kasa. Yaro da kansa ya ke cika fom ta intanet, ya rubuta labarinsa, malamansa su rubuta shaida. Ba mai gurbi a aljihu da zai sayar. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa ɗanka wuri a irin waɗannan, ka riƙe kuɗinka, ka yi masa sallama. Yaro mai jimla 8 ya gwada, ba laifi, amma ya sayi fom ɗin gida tukuna, kada ya saki reshe ya kama ganye.

Shawarata ni, in ba irin wannan sa'a ta faɗo ba, digiri na farko a yi shi gida. Dalili kuwa, ilmin muhalli da ƙafa a ke yinsa. Wanda ya yi shekara huɗu yana ɗibar ruwan Offin da na rafin Aboabo cikin kwalba yana aunawa, ya san abin da wanda ya karanta su a littafi bai sani ba. Abu na biyu, manyan makarantun wannan fanni na waje sun fi buɗe ƙofa da ba da kuɗi a digiri na biyu. Makarantar muhalli ta Yale, wadda aka kafa a 1900 don ilmin gandun daji, masu digiri ta ke ɗauka. Wageningen ta ƙasar Holan, wadda ta shahara kan noma da ƙasa da ruwa, da Turanci ta ke koyar da digiri na biyu. KAUST ta Saudiyya, da ke Thuwal bakin Bahar Maliya arewa da Jidda, an buɗe ta a 2009, tana binciken teku da tace ruwan gishiri, kuma tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Ga Makka nan kusa, ga mai son Umra. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila yana biyan digiri na biyu na shekara guda, amma sai wanda ya yi aikin shekara biyu, kuma da sharaɗin ya komo gida. Duk waɗannan in sun tashi zaɓe, su kan tambayi abin da ka taɓa yi da hannunka. Ɗan zongo da ya auna rijiyoyin unguwarsu yana da amsa.

Ko a gida ma akwai taimako. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai marasa ƙarfi a Tek. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana da tallafi ga Musulmin ƙasashen da ba su cikinsa, Gana na ciki, rance ne ba ruwa, a biya bayan an kama aiki don wani yaro ya samu.

Ku 'yan kasuwa, ba wanda ya taɓa sayen huhu bai buɗe ganye ba. To, a je jami'ar da ƙafa. A tambaya ko hukumar GTEC ta amince da wannan kwas ɗin kansa, don amincewa da jami'a dabam, amincewa da kwas dabam. A tambayi 'yan aji huɗu sau nawa aka fita da su daji, sau nawa suka taɓa injin gwaji da hannunsu. A tambaya waɗanda suka gama bara ina su ke, hukumar kare muhalli, ko ta gandun daji, ko kamfanin ruwa, ko kamfanonin ma'adinai, ko kuwa suna gida. Zan gaya muku gaskiya, aikin gwamnati a wannan fanni ba ya zuwa da sauri, waɗansu su kan jira bayan bautar ƙasa, wanda ya haɗa da injiniya ko aikin taswira da kwamfuta ya fi saurin samu. A kuma duba masallaci da wurin kwana, balle in 'ya mace ce. Hajiyoyi, kada wannan ya sa ku hana su, cikin masu cin jarrabawar nan tamu 'yan mata ba baya ba ne.

Shi dai Alhaji bai sayar da fili ba. Mun je Tek tare da shi da yaron, ya ga ɗakin gwaji, ya yi tambayoyinsa har ya gajiyar da malamin. Yaro ya cika fom ɗin Tek da na Tarkwa, yana kuma shirya na Amurka guda biyu. Har yanzu Alhaji bai daina cewa likita ya fi ba, na kuwa bar shi da wannan.

Wanda ke da takardar ɗansa ko 'yarsa a hannu, ya same ni nan bayan Magariba mu duba tare, a zo da yaron, don shi zan tambaya.