Kananzir A Kwalbar Lemo

'Yan'uwa matasa, da yawanku na shirin aure, to ku saurara.

Yarona shekararsa 2. Ya taɓa jefa agogona cikin randa, dariya kawai muka yi. Amma ran nan sai ya tarar da kananzir cikin kwalbar lemo a bayan ƙofa, ya kurɓa. Kuma ni na ajiye, ba uwarsa ba!

Maƙwabta suka ce a ɗura masa manja ya yi amai. 'Yan'uwa, kada ku yarda. Wajen aman ne kananzir ke faɗawa huhu, haɗarin ke nan. Asibiti muka ruga, aka kwantar da shi ana lura da numfashinsa. Alhamdu lillahi ya warke. Yanzu kananzir ɗinmu na cikin galan, rataye inda ni ma sai na yi ɗage.