Baƙi da ƴan gida a cikin kwanon tuwonmu

Jawabin da aka gabatar a bikin tunawa da kafa ƙungiya, a garin Gure



Malamai, iyaye, shugabannin ƙungiya, ƴan uwana matasa maza da mata, barkanmu da ganin wannan rana. Ƙamshin girki yana ta shigowa daga bayan rumfa, saboda haka ba zan tsawaita ba. Dama maganar tawa a kan abincin take.

Bari in fara da tambaya. Masara daga ina ta zo? Na ji wasu sun ce Masar. To, suna ne ya ruɗe ku. Asalin masara ƙasar Meziko ce, can nahiyar Amurka, inda aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Ba ta shigo Afirka ba sai bayan da Kolombus ya ƙetare teku a 1492. Kakanninmu sun laƙaba mata sunan ƙasar da suke ganin ta can ta ɓullo musu, kamar yadda suka ce wa gwanda gwandar Masar, alhali ita ma ƴar Amurka ce.

Ba su kaɗai ba ne. Barkono, tumatir, gyaɗa, dankali, da rogon da muke nomawa a kwaruruwan nan namu, dukansu daga can suka fito. Har tattasan Diffa da muke alfahari da shi, kakansa ɗan Amurka ne. Ku yi tunani: Mansa Musa ya tafi hajji a 1324 da zinari mai ɗimbin yawa, amma bai taɓa ɗanɗana ƙuli-ƙuli ba. Ibn Battuta ya sauka Takedda, a arewacin ƙasarmu, a 1353, ba wanda ya zuba masa tumatir a miya. Mutanen wancan zamani da masoro da kimba da citta suke samun yajinsu.

Gabas ma ta aiko mana da nata baƙin. Zogale da mangwaro daga Indiya suke. Ganyen shayin da kuke dafawa a fada daga Sin yake zuwa. Albasa da alkama kuwa sunayensu na Larabci ne, ɗalibai sun san basal da ƙamh. Dunƙulen Maggi, da wasu ke jin miya ba ta yiwuwa sai da shi, sunan wani mutumin Suwis ne, Julius Maggi, kuma a 1908 dunƙulen ya fito. Kafin nan iyayenmu mata sun daɗe suna ƙawata miya da daddawar kalwa da ta batso.

To, in duk waɗannan baƙi ne, su wa ke nan ƴan gida?

Na farkonsu gero. A yankin nan namu na Sahel aka fara noma shi. Masu tonon tarihi sun sami alamarsa a kwarin Tilemsi, a ƙasar Mali, ta kimanin shekara 4,500. Daga Afirka ya tafi Indiya, yau ga shi Indiya ta fi kowace ƙasa noma shi. Ita ce ma ta kai magana Majalisar Ɗinkin Duniya har aka ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Dawa ƴar gabashin Sudan ce. Wake da kankana da kuka da yakuwa, duk ƴan Afirka ne.

A nan ne nake so mu dubi kanmu. Yau in aka kawo wa saurayi tuwon gero sai ya yamutsa fuska, wai abincin ƙauye. Shinkafar buhu da taliya su ne wayewa. Amma a tudun yashi irin namu, inda ruwan sama bai da tabbas, wane hatsi ke jure ƙishirwa kamar gero? Ga shi ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wanda ya sha fura da nono da safe ya san inda ƙarfinsa yake kai shi. Ban ce a kori baƙo ba, ai baƙo rahama ne. Sai dai in muka raina abin da gonarmu ke iya bayarwa, muka rataya cikinmu ga abin da sai an sayo daga waje, ranar da aka rufe iyaka ko farashi ya tashi, mu ne za mu ji a jikinmu. Kun gani da idonku, ba labari aka ba ku ba.

Saura camfi. Kuskure a kan asalin masara bai cutar da kowa ba, amma akwai wanda ke cutarwa. Wa bai taɓa jin an ce yaro in yana cin ƙwai zai zama ɓarawo ba? Ko a ce mai ciki kada ta ci? Ni kaina da wannan magana na tashi. A gidanmu akwai kaji da zabi, ƙwan kuwa kasuwa ake kai wa, mu yara sai kallo. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Yana cikin abinci mafi gina jikin yaro, ga shi a tsakar gida. Ku je gidan likita ku ga yaran da tamowa ta kama, sannan ku auna abin da wannan camfi yake ci mana.

Haka saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, wai abinci kaza yana maganin cuta kaza, har a jingina wa Annabi (SAW). Wannan ba sabon abu ba ne. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan hijira, ya tara ire-iren waɗannan ruwayoyi na ƙarya a littafinsa Almanarul Munif, har da wadda aka ƙaga a kan falalar shinkafa. Kafin ka tura, tambayi malami. In maganar lafiya ce, tambayi likita.

Ƴan uwa, ga roƙona guda uku. Ku zauna da tsofaffinku ku rubuta sunayen irin gero da wake da suke shukawa da yadda suke girka su, tun suna raye. In kuna da ƙane ko ƙanwa a gida, ku yi wa iyaye bayani cikin ladabi, a riƙa dafa musu ƙwai. Sannan bikin baɗi, in Allah ya kai mu, a ajiye kwanon tuwon gero da miyar kuka a gaban manyan baƙi, ba a bayan rumfa ba.

Allah ya albarkaci gonakinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya ja zamanin wannan ƙungiya.