Cutar Jijiyoyin Motsi Mai Kama Hannuwa: Yadda Likita Yake Gane Ta



Motsin ɗan Adam hawa biyu yake bi. Umurni yakan taso daga ƙwaƙwalwa ya sauka cikin laka, sa'an nan jijiyoyin laka su isar da shi ga tsoka. Idan ƙwayoyin waɗannan jijiyoyi suka dinga mutuwa, to, ita ce cutar da likita Charcot na Faransa ya raɗa wa suna a 1874, wadda ake kira ALS. Tana da wani reshe da ba safai ake ganinsa ba, wanda Vulpian ya bayyana a 1886. Shi wannan hannuwa yake kamawa, kuma ya fi samun maza.

Rauni yakan soma sannu a hankali daga kafaɗu da damatsa, dama da hagu. Tsoka ta rame, hannuwa su riƙa reto, mutum ya kasa ko sa hula, alhali ƙafafunsa da harshensa lafiya lau, yana kuma jin taɓi da zafi. Nan ya sha bamban da shanyewar ɓarin jiki, wadda takan auko farat ɗaya.

Babu wani gwaji guda da zai yanke hukunci. Likita yakan soka siririyar allura cikin tsoka, watau gwajin EMG, don ya ga ko ta rabu da jijiyarta. Yakan ɗauki hoton MRI na wuya, domin ƙashin wuya in ya danne jijiya yakan kawo irin wannan rauni. Yakan auna gudun lantarki cikin jijiyoyi, gama akwai wata cuta mai kama da wannan wadda garkuwar jiki ke haddasawa, ita kuwa tana jin magani. Gwajin ƙwayoyin gado shi ke fid da cutar Kennedy. Bayan wannan sai jira: sai rauni ya tsaya a hannuwa kaɗai har wata 12 kafin a tabbatar da sunan.

Jama'a, wannan jira yana da dalili. Wani binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa a Landan rabin masu wannan reshe sun kai wata 61 a raye bayan somawar ciwon, alhali ga ALS da aka saba gani mai farawa daga gaɓoɓi, wata 35 ne. Likitan da ya yi garaje yana iya tsinka wa iyali zuciya tun lokaci bai yi ba, ko kuwa ya hana mai cutar da ke jin magani maganinsa.