Jawabin kwamitin mota: abin da ya sa ba a ɗaure jikin Berliet ba har yanzu

 

Mun san tambayar da ke bakin kowa: an gyara inji, an sa tayu, to me ya hana motar ƙungiya fita? Wasu sun leƙa garaji a Maradi, sun tarar da kabin gefe guda, kwanonin da ke rufe tayu gefe guda, sun komo suna cewa kwamiti na wasa da kuɗin jama'a. Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ya aiko da guminsa daga Kano ko Abijan yana da ikon tambaya.

Motarmu Berliet GLR ce, ƙirar Faransa. Motocin wannan kamfani ne sunka ratsa Tenere a 1959 da 1960, dattawa sun san ƙarfinsu. Amma kamfanin ya haɗe da Saviem a 1978, ba a daɗe ba sunan ya ɓace. Ke nan duk kwanon da ya lalace a jikinta, sai a je nema cikin matattun motoci.

Kuna tune da kukan da take yi kafin ta kwanta, ƙiƙi-ƙiƙi tun daga tasha har gari. Mun saba da shi har muna yi mata kirari. Da munka kwance ta ne munka ga abin da kukan ya ci. Ko'ina kwano ya haɗu da kwano da noti, da can akwai ƴar roba tsakaninsu. Rana ta busar da ita, ta farfashe ta zube, ƙarfe ya koma gugar ƙarfe. Gargadar hanya ta kankare fenti, ƙura ta shiga, ruwan damina ya bi ta. Mun ga ramin noti da ya buɗe har ɗan yatsa na shiga.

An ba mu shawara iri-iri. Wani ya ce a cika wurin da gires. Gires yana kashe kuka na ƴan kwanaki, sannan ya kama rairayi ya zama dutsen wasa wuƙa, ga shi yana cin roba. Wani ya ce a yi walda a huta. Wannan ita ce ta fi ba mu tsoro, domin shasin babbar mota yana murɗawa in ta ɗauki buhunan hatsi ta faɗa kwari. In an hana mahaɗa motsi, kwanon ne zai tsage kusa da waldar. Tsumma da buhu kuwa ruwa suke riƙewa. Akwai kuma silikon mai warin tsami da ake saidawa a kasuwa: tsaminsa yana tada tsatsa, fenti ma ba ya kama shi.

Ga abin da muke yi. Ana goge kowace fuska har ƙarfe ya fito fes, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti ciki da waje, a bari ya bushe sarai. Wannan jiran ne ke cin kwanaki, kuma ba shi da gajeriyar hanya. Sannan a yanka tsohuwar robar cikin taya daidai faɗin mahaɗa, a huda ta inda noti zai bi, a shimfiɗa tsakani. Haka za a yi ƙarƙashin kabin da inda marfin inji ke sauka, sai dai can roba mai kauri ake so. Ɗinkin da an riga an yi ma walda tun asali, kamar na ƙasan kabin, shi ake bi da mastik na jikin mota wanda ba ya ƙandarewa. Ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofofi ba a taɓa su, ta nan ruwa ke fita.

Wurin ɗauri, a sa noti duka sako-sako, a daidaita kwano, sannan a matse ɗaya bayan ɗaya. Mai lantarki ya tuna mana wani abu da mun kusa mantawa: fitilun da ke bisa kwano ta jikin ƙarfe suke samun mas, roba kuwa tana yanke shi. Saboda haka kowace fitila za a ja mata waya tata zuwa shasi.

Abin da muke roƙo gare ku biyu ne. Ku ƙara mana haƙuri, ko da kasuwar farko ta kaka za ta wuce mu. Kuma duk mai tsohuwar robar taya a gida ya kawo ma magatakarda. Direba da yaran mota, ku kuma an ɗora muku sake matse noti duka bayan tafiya biyu ko uku na farko, domin roba tana kwanciya. Takardun abin da anka kashe suna nan bisa tebur, wanda ke son dubawa ya matso bayan an tashi.